Jinkiri tsakanin hannu da allo: tambayoyi da amsoshi kan gem da gilashin VR

Duk wanda ya taɓa riƙe gidan gem a karkara ya san wannan rigimar. An zura wa mutum ƙwallo ana dab da tashi, sai ya ajiye fad, abin dannawar da ake riƙewa a hannu, ya rantse shi fa ya danna, na'ura ce ba ta amsa ba. Wani lokacin borin kunya ne. Wani lokacin kuma da gaskiyarsa. Ina gyaran waya da kwamfuta a wani gari tsakanin Gumel da Maigatari, da 'yan talabijin da PlayStation a ɗakin da ke jikin shagon. Tambayoyin nan daga bakin samari da abokan sana'a da wasu iyaye suka fito, har da na gilashin VR, wanda ake ɗaurawa a fuska mutum ya ga kamar yana cikin hoton, da ya fara faɗowa hannun mutanenmu.

Yaya, wai wannan jinkirin ana auna shi, ko a bakin wanda aka ci kawai yake?

Ana auna shi, ƙanena. Tazara ce daga lokacin da yatsanka ya danna maɓalli, ko ka juya kai in gilashi ne a fuskarka, zuwa lokacin da hasken sabon hoton ya shiga idonka. Ka taɓa hango mai daka daga can nesa, kana gona tana bakin gari? Taɓarya za ta sauka kana gani, sai ta fara ɗagowa sannan ƙarar ta iso kunnenka. An riga an yi dakan, labarinsa ne ya makara a hanya. Abin da ke allo ma labarin abin da hannunka ya yi ɗazu ne.

Da milisakan ake lissafinsa, wato sakan ɗaya a kasa shi gida 1,000. Allon da aka rubuta wa 60Hz a kwali yana sabunta hoto sau 60 a sakan, kowane hoto na cin milisakan 16.7. Mai 90 na cin 11.1, mai 120 kuma 8.3. Gem ɗin da ke fitar da hoto 30 kacal a sakan, kowane hotonsa milisakan 33.3 ne. Ka riƙe waɗannan lambobin, za mu yi ta komawa kansu.

To a ina lokacin yake zurarewa?

Ba a wuri ɗaya ba, kuma in mutum ya gane wannan ya huta da sayen abin da ba zai yi masa magani ba. Jira ne ƙanana-ƙanana da ke taruwa tun daga hannu har ido.

Na farko, fad ko linzamin kwamfuta ba ya kai saƙo nan take. Na'urar ce ke leƙa shi lokaci-lokaci. Linzami na gama-gari sau 125 ake leƙa shi a sakan, wato duk bayan milisakan 8, na 'yan gem kuwa sau 1,000. Shi ma gem ɗin yawanci a farkon kowane hoto yake duba abin da aka danna. In ka danna bayan ya gama dubawa, sai zagaye na gaba.

Daga nan furosesa, ƙwaƙwalwar na'urar, ya yi lissafinsa: ina ƙwallo, ina mai tsaron gida, ƙafar wa ta riga kai wa. Sai ya miƙa wa katin zane, sashen da ke haɗa hoto, ya zana. A nan gizo yake saƙa. Idan aiki ya yi wa katin zane yawa, furosesa ba ya zama ya jira shi, tara masa aiki yake a layi, hoto biyu ko uku. Kowane hoto da ke tsaye a layin nan an lissafa shi ne da abin da ka danna tun kafin ya shiga layi, kuma a gem mai hoto 60 ko ƙasa da haka kowanne milisakan 16.7 ne ko fiye. Wannan layin Nvidia, mai ƙera katin zane, ta nufa da tsarinta na Reflex da ta fitar a 2020, haka AMD da nata Anti-Lag a 2019: a hana furosesa yin gaba da yawa, ya jinkirta karanta maɓalli har sai katin zane ya kusa karɓa.

An gama zane ma ba a gama ba. Hoton zai jira allo ya kammala nuna na baya, sannan ya bi wayar HDMI layi-layi daga sama zuwa ƙasa, kuma a allo mai 60 kusan milisakan 16 ɗin nan ne kafin ya kai ƙasan allo. Talabijin ta yi masa nata gyare-gyaren. A ƙarshe ɗigogin allon su sauya launi, wanda a allo irin LCD yakan ɗauki 'yan milisakan, a irin OLED kuwa ba ya kai ɗaya. Ka tara waɗannan duka, ba abin mamaki ba ne a doshi milisakan 100 alhali babu abin da ya lalace.

Akwai kuma wanda masu gem suka sa da gangan. A FIFA da PES (har gobe haka muke kiransu, ko da yake PES ya koma eFootball tun 2021, FIFA kuma EA Sports FC tun 2023), ɗan wasa sai ya gyara tsayuwa ya ɗaga ƙafa kafin ya buga. In ka danna yana tsakiyar juyi, sai ya ƙarasa juyinsa. Wannan ba laifin talabijin ba ne, kuma babu mai gyara maka shi.

Ai ni na ɗauka duk matsalar sabis ce.

In kai da abokinka kuna zaune a benci ɗaya, fad biyu a PlayStation ɗaya, sabis bai san kuna yi ba. Ko an kashe duk eriyoyin Jigawa wasanku ba zai canja ba.

Sabis na shigowa ne idan wasan na intanet ne, irin su Free Fire, PUBG Mobile da Call of Duty a waya. Alamominsu ma daban. Jinkirin intanet shi ne ka harbi mutum ya ƙi faɗuwa, ko ka shige bayan gini sannan a ce an kashe ka, ko ka ga ɗan wasa ya ɓace ya ɓulla gaba. Jinkirin allo kuwa a komai za ka ji shi, har a juya kyamara da zaɓen tawaga: abin na bin hannunka a baya kamar da nauyi. Wasu gem ɗin na nuna wata 'yar lamba a kusurwa da "ms" a gefenta. Ta intanet ce kawai, ba ta ƙirga abin da wayarka da allonka suke ci.

Oga, na sayar da tsohuwar talabijin mai ƙeya na sa babbar filasma, yara kuma sun ce tsohuwar ta fi amsa hannu. Zai yiwu?

Ƙwarai kuwa, abokina, yaran ba sharri suka yi mata ba. Tsohuwar ba ta ajiye hoto. Siginar na shigowa tana zana ta a gilashi a lokacin, layi bayan layi. Sabuwar kwamfuta ce ƙarama: ta karɓi hoto, ta ajiye, ta gyara girmansa ya cika allo, ta ƙara kaifi, ta rage hatsi-hatsi, ta gyara launi, sannan ta nuna. Ga mai kallon fim wannan ba komai ba ne, tunda ba ya danna komai. Ga mai fad a hannu kuwa asara ce.

Mafi cin lokaci a ciki shi ne tsarin sa motsi ya yi santsi. Samsung na kiransa Auto Motion Plus, LG TruMotion, Sony Motionflow. Talabijin ɗin na ƙirƙiro hoton tsakiya tsakanin hotuna biyu na gaske, kuma ba yadda za ta san tsakiya sai ta riƙe na farko har na biyu ya iso. Ido zai ga santsi, hannu zai ji nauyi. Haka ma tsarin ƙirƙiro ƙarin hotuna da ya zo a katunan zane, irin DLSS 3 na Nvidia a 2022: lambar hotuna a sakan za ta haura, amma amsa hannu ba ta ƙaru ba.

Maganin yana cikin rimot. Ka shiga saitin hoto ka nemi inda aka rubuta Game Mode ka kunna. A talabijin da yawa wannan kaɗai na sauko da jinkirinta daga milisakan 50 zuwa 100 ya koma tsakanin 10 da 20. Ka lura, a wasu talabijin kowace ƙofar HDMI da nata saitin, in yaro ya zare waya ya mayar a wata ƙofar an koma gidan jiya. Launi zai ɗan rage ƙyalli, kada ka damu. Sababbin talabijin da ke bin ƙa'idar HDMI 2.1 ta 2017 suna iya shiga wannan yanayin da kansu in sun ga na'urar gem.

Wayar HDMI mai tsada na rage jinkiri?

A'a. Ko dai ta kai hoton ko ta riƙa ɗaukewa. In tana kai shi, ta Maigatari ranar Alhamis da mai bakin zinare duk lokaci ɗaya suke isarwa. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne 'yan akwatunan da ke shiga tsakani, masu juya HDMI zuwa wayar ja da fari da rawaya, ko masu raba hoto ga talabijin biyu. Wasunsu na ajiye hoto kafin su wuce da shi. Abin saurare na Bluetooth ma na makarar da sauti, sau da yawa fiye da milisakan 100, shi ya sa mai wasan harbi a waya gara ya sa mai igiya.

A kwamfutata hoton yakan rabu biyu, sama ta zame daga ƙasa. Da na kunna V-Sync ya daina, amma sai linzami ya yi nauyi.

An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Yagewar na faruwa ne saboda katin zane ya sauya hoto allo na tsakiyar nuna na baya, sai rabin sama ya zama tsohon hoto, rabin ƙasa sabo. V-Sync na tilasta wa katin ya jira allo ya kai ƙasa kafin ya sauya. Hoto ya haɗe, amma an ƙara jira, kuma in katin ya makara ko da milisakan ɗaya ne sai ya jira zagaye guda cur, allo ya maimaita tsohon hoto.

Maganin da ya fi shi ne a juya lamarin, allo ya riƙa jiran katin zane. Nvidia ta fito da G-Sync a 2013, AMD ta biyo da FreeSync a 2015, PlayStation 5 ma ta samu irinsa a 2022. Sai dai dole allon ya iya. In naka bai iya ba, ra'ayina shi ne: a wasan harbi ka kashe V-Sync ka haƙura da yagewar, a wasan da ba na gaggawa ba ka bar shi. Ka kuma rage inuwa da ciyayi da sauran ado a saitin gem ɗin har katin zane ya samu sararin numfashi. Katin da ke aiki iya ƙarfinsa kullum shi ke tara layin nan da na faɗa.

Da safe lafiya lau, da azahar sai gem ya fara sanɗa. Me ke kawo haka?

Zafi. Wannan tamu ce, 'yan nan yankin. A watan Afrilu da Mayu zafi na haura digiri 40 a inuwa, balle ɗaki mai rufin kwano da samari goma a ciki. Furosesa da katin zane an yi su ne su rage gudu da kansu idan sun yi zafi, don kada su ƙone. Gudu ya ragu, hoton da ake zanawa a milisakan 16 ya koma 25 ko 30, jinkiri ya ƙaru.

Ƙurar hunturu ce ke share wa zafin bazara hanya. In na buɗe PlayStation 4 da ta yi shekara a gidan gem, abin da nake tararwa a bayan fanka wani kauri ne ja-ja kamar auduga, ya toshe tsakanin siraran ƙarafan da iska ke bi. Fankar na ta kuka kamar za ta tashi sama, iskar ba ta fita. Buroshi mai laushi da abin hura iska sun isa, amma ka riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyi yayin hurawa. A ɗaga na'urar daga ƙasa, a ba ta tazara da bango, kada a lulluɓe ta da tsumma tana aiki wai don ƙura. Mai wasa a waya ya cire mata riga, kuma ya daina wasa tana caji, don zafi biyu yake haɗa mata.

Janareta ko sola na da hannu?

Janareta ba ya ƙara jinkiri. Wuta marar ƙarfi na iya kashe na'ura ko ta lalata ta, wannan wata magana ce. Inda wuta ta shigo shi ne laftof: yawancinsu na rage gudu da zarar an zare caja, waya ma haka in an kunna tattalin batir.

Na sa gilashin VR minti kaɗan na ji jiri da tashin zuciya. Shi ma jinkirin ne?

Sau da yawa shi ne, kuma a nan maganar ta wuce ta cin ƙwallo. Can cikin kowane kunne akwai 'yan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, su ke sanar da ƙwaƙwalwa cewa kai ya juya. Allah ya haɗa su da jijiyoyin ido, ta yadda kana juya kai dama ido na komawa hagu da kansa, cikin kusan milisakan 10, don abin da kake kallo ya tsaya cak. Gwada yanzu. Miƙe hannu ka kafa ido a kan babban yatsanka, ka girgiza kai kamar mai cewa a'a. Yatsan na nan sarai, har layukan fatarsa. To tsayar da kan, ka kaɗa hannun da irin wannan saurin. Zai dushe maka.

A cikin gilashi allon a fuskarka yake ɗaure, yana juyawa tare da kai. Don ɗakin da kake gani ya zama a tsaye, dole na'ura ta zana sabon hoto daidai da inda kanka ya koma. In ta makara, ɗakin zai biyo ka sannan ya zame ya koma wurinsa. Juya kai digiri 100 a sakan ba wani sauri ba ne, waiwaye ne kawai. In jinkirin milisakan 50 ne, hoton ya kauce da digiri 5, wato ya fi faɗin babban yatsa biyu a miƙaƙƙen hannu. Kunne ya ce abu kaza, ido ya ce ba haka ba, sai zufa da hajijiya su biyo baya. Irin ciwon da ke kama mai karatu a cikin mota ne.

John Carmack, wanda ya zama shugaban sashen fasaha na Oculus, kamfanin ƙera gilashin VR, a 2013, shi ya yaɗa ma'aunin da aka fi ambata: daga motsin kai zuwa hasken allo kada ya wuce milisakan 20. Michael Abrash, yana kamfanin Valve a lokacin, yana ganin ana iya buƙatar ƙasa da haka ma.

Amma ba kowane jiri ba ne na jinkiri. Idan gem ya sa kana gudu ko shawagi alhali kana zaune a tabarma, ido na ganin tafiya kunne bai ji ba, za ka iya jin jiri ko da gilashin ya fi kowanne kyau. Haka in tazarar madubai biyun ba ta dace da tazarar idanunka ba.

Ta yaya masu ƙera gilashin suka iya kai wa ƙasa da milisakan 20, alhali ka ce talabijin na kai wa 100?

Matsalar tsohuwa ce. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa allon da ake ɗaurawa a kai a jami'ar Harvard ta Amurka, da wani dogon hannun ƙarfe daga rufi yana bin motsin kan. A shekarun 1990 masu bincike, musamman a jami'ar North Carolina, sun yi aiki sosai kan hasashen motsi da gyara hoto bayan an zana shi. Abin da ya canja bayan 2012 shi ne kayan wayar hannu, allo da ma'aunin motsi, sun yi araha sun yi kyau. Facebook ya sayi Oculus a 2014 kan kusan dala biliyan 2, kuɗi suka shigo harkar.

Sun fara da ma'aunin motsi. Wanda Oculus ya sa yana karanta juyin kai sau 1,000 a sakan. Sai hasashe: na'ura ba ta zana inda kanka yake yanzu, tana zana inda zai kasance lokacin da hoton zai haska. Kai abu ne mai nauyi, ba ya sauya hanya farat ɗaya, don haka hasashen milisakan 20 ko 30 yakan yi daidai. In aka ce a hango nesa da haka sai kuskure ya yi yawa, hoto ya riƙa rawa. Hasashe na taimakon wanda ya riga ya rage jinkirinsa ne kawai.

Dabarar da ta fi burge ni ita ce gyaran ƙarshe, wadda Oculus ya sa wa suna Timewarp. An gama zana hoto, saura ƙiris a tura shi allo, sai a sake tambayar ma'auni ina kai yake yanzu, a ɗan gusa hoton ko a karkata shi ya dace da sabon wurin. Gusa hoton da aka riga aka zana aiki ne mai sauƙi, ba ya cin abin da zane ke ci. Sun kuma raba wannan aikin da zanen, ta yadda ko gem ya makara bai gama sabon hoto ba, za a ɗauki tsohon a gusa shi a nuna. Abubuwan da ke cikin ɗakin za su ɗan tsaya, amma ɗakin kansa ba zai biyo kanka ba, kuma wannan ne ke hana amai. Da irin wannan PlayStation VR na 2016 ke nuna hoto 120 a sakan daga gem mai fitar da 60. Tana da iyaka. Juya kai tana gyara shi da kyau, amma in ka leƙa gefe, abin da ke ɓoye a bayan kujera ba ya cikin tsohon hoton, babu inda za a samo shi sai ƙage, shi ya sa akan ga gefen abubuwa na ɗan narkewa.

Sai allon. Gilashin gwaji na biyu na Oculus a 2014 ya zo da allon da ke haska kowane hoto na milisakan 2 zuwa 3 kacal sannan ya mutu har na gaba ya zo. Hoton da ya daɗe a kunne alhali kai na juyawa shafewa yake a ido. An kuma ƙara yawan sabuntawa: Oculus Rift da HTC Vive na 2016 sau 90, Valve Index na 2019 har 144, Quest 2 na 2020 ya fara da 72 daga baya ya kai 120. PlayStation VR2 na 2023 yana bin ƙwayar ido, ya zana inda kake kallo da kyau ya sassauta gefe, don katin zane ya gama da wuri.

Wanda ake zura waya a ciki fa, mai araha?

Araha ba ta ado. Asalinsa Google Cardboard ne na 2014, kwali da madubai biyu. Na roba da ake sayarwa yanzu shi ne dai aka canja wa riga, babu na'ura ko ɗaya a ciki, komai a wayarka yake. Allon yawancin wayoyinmu LCD ne mai 60 da ke barin hoto a kunne, ma'aunin motsinsu ba don wannan aka yi shi ba, wasu ƙananan wayoyin ma ba su da ma'aunin juyi sam. Don kallon hoton Ka'aba ko na wani birni ta kowane gefe, kana zaune kana juya kai a hankali, zai yi. Don wasa mai waiwaye da sauri, jiri ka saya.

Malam, yarona ya dame ni sai na sayo masa gilashin nan in na shiga Kano. Ba ya cutarwa?

Ranka ya daɗe, a fara duba shekarunsa. Sony ta ce nata ba na yaron da bai kai 12 ba ne. Meta, wato kamfanin Facebook, ta sauko da nata zuwa 10 a 2023, da sharaɗin iyaye ne ke riƙe da asusun. In ya kai, a fara masa da 'yan mintoci, yana zaune, da wasan da ba a tafiya a ciki. Da ya ji zufa ko ɗaci a baki a cire, kada a ce ya daure, daurewa ƙara shi take. Kada ya hau babur sai kansa ya washe. A share wuri, a kawar da murhu da ƙananan yara.

Wani abu da ba na jinkiri ba amma ya kamata Alhaji ya sani: kada a bar gilashin a tsakar gida ko a bakin taga. Madubansa na tattara hasken rana su ƙona allon ciki, kuma tabon ba ya gyaruwa. In za a saya a Farm Centre ko Beirut Road, musamman na hannu, a kunna shi a leƙa farin hoto tukuna.

Na ji ana iya yin gem ba tare da na'ura ba, kwamfutar na can Turai hoto kawai ake turo maka. Zai yi a nan?

Mu yi lissafi. Haske a cikin wayar gilashi ta intanet na cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 10. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne da aka buɗe a 2010, daga Legas zuwa Fotugal, kusan kilomita 7,000 ce, zuwa da dawowa 70. Mun kai 80 ke nan ba mu sa eriyar garinku ba, ba mu sa na'urorin da ke kan hanya ba, ba mu sa matse hoton a can da warware shi a nan ba, balle cunkoson bayan isha'i. Wannan ba ya sayuwa da yawan data. Data mai yawa na ƙara abin da ake ɗaukowa, ba ta rage nisa.

Tauraron ɗan'adam irin na tasoshin talabijin yana kilomita 35,786 a sama, tambaya da amsa ta cikinsa kusan rabin sakan ne. Starlink, da ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, taurarinsa na 'yan ɗaruruwan kilomita kawai a sama, don haka ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma daga inda ya sauke saƙon har yanzu sai an kai shi inda kwamfutar take. Don wasan dara ko na dabara babu laifi. Don ƙwallo da harbi za ka ji shi a hannu. Gilashin VR kuwa, ko daga kwamfutar da ke ɗaki ɗaya ake turo masa hoto ta iska, sai an haɗa kwamfutar da rauta, akwatin WiFi, da igiya, an sa gilashin a layin 5GHz, kuma gyaran ƙarshen nan a cikin gilashin ake yin sa.

Zan iya auna jinkirin talabijin ɗina da kaina?

Za ka iya, in akwai wayar da kyamararta ke ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Da yawa suna ɗaukar hoto 240 a sakan, kowane hoto milisakan 4.2 ke nan. Ka jingina wayar a kan bulo ko kujera yadda fad da allon za su fito tare. Zaɓi abin da ke amsawa nan take, kamar matsar da zaɓi a jerin tawagogi, kada ka zaɓi bugun ƙwallo saboda ɗaga ƙafar nan. Ka buga maɓallin da ɗan yatsa da sauri, daga gefe, don a ga lokacin da ya nutse.

Sai ka bi bidiyon hoto-hoto, ka ƙirga daga inda maɓallin ya kai ƙasa zuwa inda allo ya fara canjawa. In ka samu hoto 24, ka ninka da 4.2, kusan milisakan 100 ke nan. Maimaita kamar sau goma ka ɗauki matsakaici, don kowane dannawa na faɗawa a wani wuri daban na zagayen. Wannan jimillar duka ce, fad da na'ura da talabijin. In kana son sanin rabon talabijin ita kaɗai, ka canja abu ɗaya tak, ka kunna Game Mode ko ka kai na'urar kan wata talabijin, ka sake ƙirgawa. In kana da talabijin biyu a gidan gem kuma ana gasa ta kuɗin shiga, ka auna duka biyun kafin ka raba wa yara wurin zama.